Sunan Mai Filafili

Wara, ranar Laraba

Zuwa ga taubashina Malam Ya'u, edita sarkin jan biro,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Rahama da yara. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi in ta daɗe gaban murhun banda. Ta ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko Kaduna hana mutum tuna hanyar Yawuri take yi. Kifin da ke cikin kwalin nata ne, takardar tawa ce, Dogo direba zai miƙa maka duka biyu.

Kada ka ce don mi ban kira ka ba. Ka san wayata a gidanmu, in ta yi ƙara Inna ta riga ni jin sallama, kuma maganar da ke bakina ba ta kunnenta ba ce.

Ya'u, Sallau ya yi sata. Ƙanena, wanda na roƙe ka da bakina ka ɗauka aiki a jaridarku. Labarin tseren jirage da anka yi nan bakin tafki, wanda kunka buga da sunansa har da hotonsa yana washe baki, ba shi ya rubuta ba. Bai ma zo Wara ba ranar. Wadda ta rubuta ƙawata ce, Deborah, malamar wasanni a makarantarmu. Tana da wani ɗan shafi a Fesbuk da sunan Mai Filafili, inda take zuba labarin ƙwallo da kokawa da tsere. Masu bin ta ba su cika aji ɗaya ba, kuma ba wanda ya san mace ce. Ni ta fara karanta wa labarin a ofishin malamai lokacin tara, kafin ta sa shi. Har yau ina jin muryarta a wurin da ta ce:

"Jirgin Gungun Kirya ya zo na ɗaya, amma mutum huɗu a cikinsa baki rufe sunka yi tuƙi. Wanda anka haifa a tsibirin nan ba a koya masa amshin waƙar filafili, da shi yake tashi. To su waɗannan a ina anka haife su?"

Je ka duba jaridarka. Ko wasali ɗaya ɗan banzan bai canza ba. Abin da ya yi kawai, ya share Mai Filafili ya dasa Sallau Isa.

Jiya ta shigo ajina da waya a hannu tana dariya, irin dariyar da gara kuka da ita. Ta ce, "Barira, ashe rubutuna ya isa shiga jarida. Sunana ne dai bai isa ba." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta kuma san ƙanena ne.

Ga abin da nake so, in ma ban san abin da nake so ba. A mayar wa Deborah haƙƙinta. A ja wa Sallau kunne har ya yi ja. Amma don Allah kada ka kore shi. Ba matar da Inna ba ta gaya wa ba a kasuwar kifi cewa ɗanta ɗan jarida ne, har hoton nan ta sa an wanko mata. Yadda za ka haɗa biyun kai ka sani, ai kai ne mai digiri, ni aji uku nake koyarwa.

Ka ba ni amsa ta hannun Dogo. Tun da abin nan ya faru ko tuwo ba ya mini daɗi.

Taka,
Barira

*

Kaduna, ranar Lahadi

Malama Barira, shugabar masu tada hankali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Rahama na gaishe ki, ƙaramin ne ya yi mura amma ya warware. Kifi ya iso, ki yi wa Inna godiya, ki ce mata hanyar Yawuri tana nan a zuciya, motar ce ba ta da taya.

Na karanta takardarki a tsaye, na zauna na sake karantawa. Na nemo shafin Mai Filafili, na jera labaran biyu kusa da juna. Gaskiyarki ce. Nata ya riga namu fita, kuma har waƙafin da ta sa ba a gurbinsa ba yana nan a namu. Ni da jan biron da kike zolayata da shi na gyara wa ɓarawo kanun labari, na yaba masa a gaban kowa. Ki yi dariyarki, na ba ki dama.

Na kira shi ofis na rufe ƙofa. Bai musa ba. Cewa ya yi, "Yaya, ai abin Fesbuk kamar kifin tafki ne, wanda ya jefa taru shi ke da shi."

Na ce, "Kifin da ke cikin jirgin wani fa?"

Ya ce, "To ai babu sunan kowa a kai. Mai Filafili suna ne?"

Na ce masa yana da mai shi, na kuma san mai shi, ban dai gaya masa ko wane ne ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, Barira, yaron bai ji ya yi laifi ba. Kunyar an kama shi kawai yake ji.

Yanzu maganar hukunci. A wannan sana'ar, wanda ya ɗauki rubutun wani ya sa sunansa, kora ce, kuma mai jaridarmu abin da yake so ke nan. Wasu a ofis suna cewa a bar maganar, wai kowa na yi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. In aka ce a kori duk wanda ya taɓa kwashe labarin ƙwallon Turai ya juya shi Hausa bai faɗi inda ya samo ba, to masinja kaɗai zai rage a ofishin nan. Amma ƙazantar da ta yi yawa ba ta zama tsabta. Kuma wannan ba sakamakon wasa ba ne da kowa ya gani a talabijin. Mutum ne ya tsaya a rana bakin ruwa, ya ga abin da dubban idanu ba su gani ba. Tun da muka buɗe jaridar Fili Ya Cika ba mu taɓa buga abin da aka karanta kamarsa ba.

Ni a ganina, kafin a yi maganar ɓarawo, a fara mayar wa mai kaya kayansa. A cire sunan Sallau, a sa nata, a ba ta haƙuri a inda kowa zai gani. In ta yarda ta turo cikakken suna da hoto. Shi kuwa zan roƙa a dakatar da shi maimakon kora, ban yi miki alkawarin za a ji ni ba. Ranar Juma'a za mu zauna.

Ki ci tuwonki. Ramarki ba za ta gyara halin Sallau ba.

Naki,
Ya'u

*

Wara, ranar Asabar

Ya'u,

Sallama. Muna da rai, ina fata kuna da shi. Gaisuwar ke nan, raina a ɓace yake.

Na rubuta maka, shiru. Kullum sai na leƙa tasha, ba Dogo ba labarinsa. Sai jiya da yamma saƙonka ya faɗo a wayata, layi ɗaya tal: "Mun zauna. Ranar Litinin za mu bata sunanta a shafin farko kowa ya gani."

Za ku ɓata sunanta! Haba Ya'u! An yi mata sata, sannan ita za ku tozarta don ku wanke jaridarku? Mi za ku ce, ita ta kwafe Sallau? Ni ban ce ka cece shi da mutuncin baiwar Allah ba. Na kira ka har wayar ta yi zafi, ba ta shiga, shi ya sa na tura maka "Kada ka kuskura." In bai isa ba, to ga shi da biro, kada ka kuskura.

Ba ka ma san abin da labarin naku ya jawo ba. Akwai abin da ban gaya maka ba a takardar farko, don ni ma ban ɗauke shi bakin komai ba. Mijin Deborah, Sunday, ɗan Gungun Kirya ne. Shi ke zama a bayan jirginsu yana saita shi. Kuma shi ya ɗauko mutum huɗun nan daga can sama wajen Shanga, alhali dokar gasar ta ce kowane jirgi 'ya'yan garinsu za su tuƙa. A gidansa sunka sauka, Deborah ta dafa musu abinci. Yaran da anka sauke daga jirgin da safen nan don a ba baƙin wuri, ɗalibanta ne na da, ita ta koya musu gudu da numfashi. Ta gan su tsaye a gaɓa da filafilansu a kafaɗa. Abin ya tsaya mata a wuya, ta amayar da shi a shafin da take ganin ba mai karantawa.

To ku kun kai shi inda ake karantawa. Kwamitin gasa sunka nemo bidiyo sunka duba bakin kowa. Shekaranjiya sunka je sunka kwance injin jirgin da anka ba Gungun Kirya kyauta, a gaban mata da yara. Tsibirin ya ɗau zafi. Sunday ya rantse in ya haɗu da wanda ya rubuta, sai an raba su da sanda. Matasansu sun ce Sallau ya taka Wara su gani. Masuntansu kuwa, waɗanda Inna ke sayen kifi hannunsu tun muna yara, sun ce ba su sayar wa uwar ɗan jarida. Murhun banda ya yi sanyi.

Ka san mi Inna ta ce? Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Su riƙe kihinsu. Ɗana gaskiya yaf faɗi, ni ban haihi matsoraci ba." Ina tsaye ina jin ta.

Na nuna wa Deborah saƙonka, don ban ga ta inda zan ɓoye mata ba. Zama ta yi a kan bencin yara, ta riƙe gwiwa. Ta ce, "Shi ke nan, aurena ya tafi." Yara biyu gare ta, Ya'u.

In zumunci na da sauran daraja a wurinka, ka tsayar da wannan abu. In ka buga, kada ka sake aiko wa Inna gaisuwa ta hannuna. Wannan takardar wani mai motar gawayi zan ba, tunda Dogo ya shiga duniya.

Barira

*

Kaduna, ranar Talata

Malamar aji uku,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ban da kunnena da takardarki ta kusa tsinkewa.

Barira, BA TA. Kalma biyu. Za mu ba ta sunanta, mu miƙa mata, mu mayar mata da abinta. Babban yatsana ne ya haɗe su, kuma wayata ba ta da harufa masu lanƙwasa. Ke da kike koya wa yara bambancin baki da baƙi, ke kika karanta mini wannan? Da farko dariya na yi har masinja ya leƙo. Ashe takardata ta Lahadi ba ta same ki ba, a cikinta na yi miki bayanin komai.

Da na kai tsakiyar taki, dariyar ta tsaya. Ki kwantar da hankalinki, ba a buga komai ba. Saƙonki na "Kada ka kuskura" ya shigo, ban gane kansa ba, amma na san ba kya irin wannan magana a banza, sai na ce a dakata. Sanarwar tana nan a kwamfuta, da sunanta da sunan makarantarku. Saura ƙiris ta fita.

Ga wani abin mamaki. Sallau da ya ce kifin tafki ne, yanzu shi ke bi na har masallaci yana roƙo. Ana kiran wayarsa daga gida ana zaginsa, wani ya turo masa hoton filafili ya ce da shi za a tarbe shi. Jiya cewa ya yi, "Yaya, don girman Allah ka buga cewa sata na yi. A ce mini ɓarawo, na yarda, a dai san ba ni na rubuta ba." Ban taɓa ganin ɓarawon da ke roƙon a yi shelarsa ba sai shi.

Yanzu ina tsaka mai wuya. Mai jarida ya yarda da dakatarwa bisa sharaɗin a buga gyara. Ƙa'idar aikinmu ce, in ka yaudari mai karatu sai ka fito ka gaya masa. Na yi tunanin mu ce kawai labarin ba na Sallau ba ne, an ɗauko shi daga wani shafi, ba tare da ambaton kowa ba. Haka zai sauke wa Inna wannan masifa, kifi ya dawo. Ki tambayi Deborah. Kayanta ne, bakinta ya kamata a fara ji, kuma laifina ne da ban fara da nan ba.

Ki amsa da wuri, ba zan iya riƙe mai jarida har abada ba.

Ya'u

*

Wara, ranar Asabar

Malam Ya'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Rahama, ya mai mura? Inna lafiya, ƙafar ma ta yi sauƙi tunda ba zaman banda. Ka ga wani alherin da Sallau ya jawo mata.

Takardunka biyu rana ɗaya sunka zo. Motar Dogo ce ta lalace a Tegina, ta Lahadin tana aljihunsa duk ta sha baƙin mai. Na karanta, na ji kunya. Na ci mutuncinka a kan lanƙwasa ɗaya, ka yafe mini. Amma kai ma ka sayi wayar kirki, edita guda.

Sai dai ka duba da kyau, taubashi. A ba ta da a ɓata, yau duk abu ɗaya ne. Kuskurena ya fi daidanka gaskiya.

Na je na same ta bayan an tashi, muna tafe ta bakin kasuwa na gaya mata shawararka. Ta girgiza kai. Ta ce in kunka ce daga wani shafi anka ɗauko, kafin la'asar matasan tsibiri sun nemo shi. A shafin akwai labarin wasannin makarantarmu, akwai hoton filinmu da ta ɗauka daga tagar ofis. Ko ta goge, akwai waɗanda sunka gani. Kuma wa ya san ɗaliban da anka sauke, ya san baƙin, ya iya rubutu haka? Ta ce, "Sunday ba wawa ba ne, Barira. Abin da ya hana shi duba cikin gidansa, ya riga ya samu wanda zai tsana a waje."

Na ce, to haƙƙinki fa? Ta ce, "Da ina son sunana a kai. Yanzu ina son in kai yarana coci ran Lahadi mu zauna layi ɗaya da ubansu."

To ga hukuncina, tunda ka tambayi na malamar aji uku. Ka bar sunan Sallau a inda ya sa shi. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Lokacin da ake yabo bai ce ba nasa ba ne, har hoton ya sa a fuskar wayarsa. Yanzu da zagi ya zo yake neman mai shi? Ya riƙe duka. Kora ma sauƙi ce a wurinsa, ya koma wata jaridar ya ci gaba. Shelar da yake roƙo kuwa, hanyar gudu ce. Kuma kada ka taɓa gaya masa ko wace ce, bakinsa ba ya riƙe ruwa.

Kada ka ɗauka da sanyin rai nake rubuta wannan. Ƙanena ne, ni na goya shi. Na san ba zai zo Sallah ba bana, wataƙila har baɗi. Na san Inna sai dai ta riƙa hawa mota zuwa Yelwa neman kifi da wannan ƙafar, ko ta haƙura da sana'ar. Na san kuma za ta ci gaba da yi wa mutane alfahari da jarumtar da ba tasa ba, ni ina gefe ina gyaɗa kai. Na zaɓi gidan ƙawata a kan na uwata, kuma uwar ba ta ma san an yi zaɓe ba. Na tashi na zauna ya fi a ƙirga kafin in gama shafin nan.

In ƙa'idar aikinku ba ta da wurin irin wannan, to ka nema mata. Mai karatun Kaduna da kake tsoron yaudara, ya karanta ya wuce. Mu ne a nan.

Taka,
Barira

*

Kaduna, ranar Alhamis

Barira,

Sallama. Kowa lafiya, mai mura har ya koma makaranta. Na yafe, amma zan riƙa tuna miki duk Sallah.

An gama. Na shiga wurin mai jarida na gaya masa komai. Mun daɗe muna ja. Ya ce in wata rana abin ya fito, za a ce Fili Ya Cika ta san da sata ta rufe. Na ce in ya fito, a ce ni na rufe, in ajiye aikin. Da haka ya sake mini.

Ba za a buga gyara ba. Labarin zai zauna yadda yake. Sallau zai ci gaba da aiki, amma daga yau har tseren baɗi sunansa ba zai sake hawa kan komai ba. Zai je fili da ƙafarsa, ya tsaya a rana, ya rubuta, a buga a ce "daga wakilinmu." Ya ɗanɗana yadda ake ji. Na hana shi shigar da labarin kowace gasar 'yan jarida, na hana shi amsa gayyatar rediyo a kansa. Na kuma sa ya rantse ba zai ce wa kowa ba shi ya rubuta ba, ko an tsare shi a lungu.

Ya dube ni ya ce, "Yaya, gara ka kore ni."

Na ce, "Na sani."

Ya tambayi mai labarin, wai yana son ya ba shi haƙuri. Na ce haƙurin da za ka ba shi shi ne shirunka. Ya fita bai rufe ƙofa ba. Daga baya na hango shi a bayan ofis yana waya da Inna, tana ta sa masa albarka, shi kuma yana share ido da hula. Wannan ba ni na yanke masa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, raina bai kwanta ba. Duk safiya in na buɗe shafinmu ina ganin ƙarya da na sani, da sa hannuna. Ina koya wa sababbin yara cewa gaskiya ake bugawa ko ta kan wa ta faɗa. Yanzu ban sani ba, hukunci na yi ko rufa-rufa. In kin sani ki gaya mini.

Abu ɗaya ya rage. Ki ce wa Deborah ƙofarmu a buɗe take. Ta zaɓi wani sunan da ta ga dama, na namiji ko na tsuntsu, ta riƙa turo mana labarin wasannin bakin tafki. Irin idonta ba a barinsa ya tafi a banza.

Ki gaida Inna, ki ce zan sa Dogo ya riƙa sauke mata kifi daga Yelwa in zai wuce, kada ta hau mota.

Naki,
Ya'u

*

Wara, ranar Litinin

Taubashina,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kuna haka. Inna ta gode, ta ce ashe Kaduna ba ta cinye ka duka ba. Dogo ya fara saukewa, hayaƙi ya dawo gidanmu, ko da yake ta ce kifin Yelwa bai kai na tsibiri mai ba.

Tambayarka ta hukunci ko rufa-rufa, ni ma ban sani ba. Ka bar ta nan, mu duka mu riƙa ɗauka.

Na isar wa Deborah saƙonka. Ta ce a gode maka, amma a'a. Ta rufe shafin Mai Filafili. Ta ce suna ake canzawa, ba a canza hannu, duk wanda ya karanta na farko zai gane na biyu. Ranar Alhamis an yi ƙwallo tsakanin makarantarmu da ta Libata, wasa mai daɗi, na ga tana laluba jaka tana neman biro, sai ta fasa ta naɗe hannu.

Jiya bayan sun dawo coci na je gidanta. Muna tsakar gida tana tsince shinkafa, sai ga Sunday ya shigo da waya. Har yanzu labarin bai bar shi ba, kullum sai ya buɗe. Ya gaishe ni a daƙile, don ya san yayar wa nake. Ya tsaya a kanmu yana karantawa da ƙarfi, kowane layi sai ya tsaya ya yi tsaki. Da ya zo wurin da anka kwatanta yadda ya juya jirgin a kwanar tuta, ya daina tsaki. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, ƙanenki munafuki ne. Amma ya san ruwa. Ba wanda ya taɓa lura da yadda nake shan kwanar nan sai shi." Deborah ba ta ɗago ba, tsakuwa ɗaya take ta juyawa a faranti.

Sai ya juya wurinta ya ce, "Maman Ruth, ke ce mai ilimi a gidan nan. Dattawa sun ce a mayar da martani. Ki rubuta mana, ki nuna ƙarya yake yi, ki wanke garinmu. Malama ta aika wa ɗan'uwanta, in suna da adalci su buga."

Ta ce, "To."

Martanin ne a cikin ambulan ɗin nan, shafi ɗaya da rabi. Na san za ka ce ba gaskiya ba ne abin da ke ciki. Ka sa shi a wurin wasiƙun masu karatu, ai kowa na da damar kare kansa.

Za ka ga kurakurai a ciki, jan bironka zai yi ta ƙaiƙayi. Kada ka taɓa ko ɗaya. Ina zaune kusa da ita ta rubuta shi sau biyu. Na farkon ya yi kyau har na manta ƙarya ce. Ta karanta, ta ce za a gane hannun, ta yage. Ta sake ɗaukar takarda, duk jimlar da ta fito da daɗi sai ta soke ta, ta sa gurguwa a madadinta. Da ta gama ta miƙa wa Sunday, ya karanta ya ce ta yi ƙoƙari, ko da yake bai kai na yaron can ba.

Ka buga shi da sunan Sunday.

Taka,
Barira